Yadda za ka yi tuban gaskiya a kwana arba'in kafin Ista

Kowace shekara, da zarar Larabar Toka, ranar da ake shafa wa masu bi toka a goshi a fara azumin kwana arba'in, ta matso, tambayar da 'yan'uwa suka fi yi mini ita ce: “Malam, me zan bari bana?” Wani zai bar nama, wata za ta bar Facebook, wani kuma kallon ƙwallo. Ban raina ko ɗaya ba. Sai dai na daɗe ina koyar da masu shirin baftisma da waɗanda suke dawowa ikilisiya bayan sun yi nisa, kuma na ga mutum yana iya barin duk waɗannan har ƙarshe, ya iso Ista gabar da yake yi da ɗan'uwansa tana nan daram, kuɗin mutanen da ya danne suna nan a aljihunsa. Shi ya sa nake mayar musu da tawa tambayar: wane laifi za ka kira da sunansa bana, wa kuma za ka je ka samu?

Da farko ka san yawan lokacin da ke hannunka. A ikilisiyoyin da ke bin kalandar Yamma, kamar Katolika da Angilikan da Lutheran da Methodist, ana farawa ne da Larabar Toka. Daga ita zuwa Asabar ta jajibirin Ista kwana 46 ne. Ka cire Lahadi shida, domin kowace Lahadi ranar tashin Ubangiji ce ba a azumi a cikinta, sai ka sami 40, daidai da kwanakin da Yesu ya yi a jeji. Ranar tana motsi saboda Ista tana motsi, amma ba ta zuwa kafin 4 ga Fabrairu, ba ta kuma wuce 10 ga Maris. Ikilisiyoyin Otodoks na Gabas ran Litinin suke farawa, kuma suna yin wani abu da yake burge ni: a yammacin Lahadin da ke gabanta, kowa yana neman gafarar kowa a cikin majami'a, firist ma sai ya sunkuya ya roƙi jama'arsa. Idan ikilisiyarka ba ta kiyaye wannan lokaci, ba laifi, Littafi Mai Tsarki bai ɗora wa kowa shi ba. Ka keɓe makonni shida kafin Ista ka yi aikin, shi ke nan.

Tokar nan ma tana da tarihin da ya kamata ka sani. A ƙarnonin farko, masu manyan laifuffuka da jama'a suka sani ne ake sa wa tsumma da toka, a hana su cin Jibin Ubangiji, sai ran Alhamis kafin Ista, a al'adar Roma, bishop ya karɓe su. Sai wajen ƙarni na 11 ne shafa toka ya zama na kowa da kowa. Wato asalinta alama ce ta mutumin da ke da laifi takamaimai, kuma ya yarda nasa ne. In za ka miƙa goshi, ka miƙa shi a haka. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, a nan kam maganar ta zauna daidai.

Makon farko: takarda da biro

Ka sami awa ɗaya, ka ajiye wayarka a wani ɗaki, ka zauna da takarda. Ka fara da addu'ar da ke ƙarshen Zabura 139, inda Dawuda ya roƙi Allah ya bincike shi ya ga ko akwai muguwar hanya a cikinsa. Sannan ka karanta Dokoki Goma a Fitowa 20 da Matiyu sura 5 zuwa 7, sannu a hankali, kana tsayawa duk inda ka ji abin ya soke ka.

Kada ka rubuta hali, rubuta abin da ya faru. “Ba ni da haƙuri” ba ya cizon kowa. Kowa yana iya faɗinsa a gaban taro yana murmushi. Ka rubuta: “Ran Talata na daka wa matata tsawa a gaban yara, na kira ta da sunan da na san yana ƙona mata rai.” Kada ka rubuta “son abin duniya”, rubuta: “Na karɓi kuɗin aiki cikakke, na sa kayan da ba su kai ba, mai aikin bai sani ba har yanzu.” A kowane layi abu uku nake so su fito: me ka yi, wa ka yi wa, me ya jawo masa. Na ukun ne mutane suke tsallakewa, alhali shi ne yake karya zuciya. Malaman da suka rubuta Furcin Bangaskiya na Westminster a 1646 sun faɗi wannan ƙarara, cewa kada mutum ya tsaya a tuban jimla, wajibi ne ya tuba daga zunubansa ɗaya bayan ɗaya. Kada kuma ka manta da alherin da ka san ya kamata ka yi ka ƙi. Yakubu 4:17 ya lissafa shi cikin zunubi. Mahaifiyar da ka daina nema tana cikin lissafin.

Kafin ka cika rabin shafi za ka tarar hannunka ya fara rubuta laifin wasu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Maganinsa mai sauƙi ne: duk layin da ya ƙunshi “amma” ko “ai shi ya fara”, ka soke daga wannan kalmar zuwa ƙarshe. Wannan cuta tsohuwa ce. Adamu ya ce matar da ka ba ni ce. Haruna, da Musa ya tsare shi a kan ɗan maraƙin zinariya, cewa ya yi ya jefa zinariyar a wuta sai ga maraƙi ya fito, kamar ba shi ya ƙera da hannunsa ba. Sarki Saul ya ce wa Sama'ila ya yi zunubi, amma nan take ya ƙara da cewa tsoron jama'a ya ji, daga baya ma ya roƙi a girmama shi a gaban dattawa. Dawuda kuwa, da Natan ya ce masa kai ne mutumin, bai kawo Batsheba ba, bai kawo yaƙi ba, bai kawo nauyin sarauta ba. Ya ce ya yi wa Ubangiji zunubi, ya yi shiru. Laifinsa bai fi na Saul sauƙi ba, zina da kisan Uriya ne fa, amma shi aka karɓa.

Idan takardar ta cika, ka furta duka a gaban Allah, amma ka zaɓi ɗaya ko biyu da za ka yi yaƙi da su a wannan lokaci. Wanda ka fi jin kunyar a karanta, galibi shi ne.

Ka faɗa wa Allah, sannan ka faɗa wa mutum

Ka durƙusa ka karanta takardar da murya, ba a zuci ba. Jin kalmomin suna fita daga bakinka daban yake da tunaninsu. Idan naka kalmomin sun ƙare, ikilisiya tana da zabura bakwai da ta keɓe don tuba tun da daɗewa: 6, 32, 38, 51, 102, 130 da 143. Augustin na Hippo, da ya kwanta ciwon ajali a shekara ta 430, ya sa an rubuta masa zaburan tuba an manna a bango daura da gadonsa, yana karantawa yana kuka. Bishop ne da ya shafe shekaru yana koyar da wasu, amma bai ga ya wuce wannan ba. Ka ɗauki ɗaya kowace rana ta mako, ka yi ta zagayawa har Ista.

Daga nan sai abin da mutane ke gudu, wato kunnen ɗan'adam. Idan kai Katolika ne hanya a shimfiɗe take. Tun Majalisar Lateran ta huɗu a 1215 aka wajabta furta zunubi ga firist aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma firist ɗin ba shi da ikon fitar da abin da ya ji ko da za a kashe shi. Shawarata kawai kada ka bari sai Mako Mai Tsarki, wato makon ƙarshe kafin Ista, lokacin da layi ya yi tsawo kowa na sauri. Ka je tun mako na biyu, ka fara da mafi nauyi.

Idan kai ɗan ikilisiyar da ba ta da wannan tsari ne, kada ka ɗauka ka tsira. Yakubu 5:16 ya ce mu furta wa juna zunubanmu, mu yi wa juna addu'a. Na lura da cewa da yawa cikin masu cewa “ni Allah kaɗai nake gaya wa” ba don sun fi kowa girmama Allah ba ne, sai don Allah ba ya ɗaga gira. Ka nemi mutum ɗaya: fasto, dattijo, ko wata uwa a cikin bangaskiya, wanda aka san shi da riƙe sirri. Idan laifin na sha'awar jiki ne, namiji ya nemi namiji, mace ta nemi mace. Ka guji mai cewa “ba komai, kowa ma yana yi”, ka kuma guji wanda zai ji daɗin ganinka a ƙasa. Irin mutumin da kake nema shi ne Ambros, bishop na Milan. A shekara ta 390, bayan sojojin Sarki Tiyodosiyus sun karkashe dubban mutane a Tasalonika, Ambros ya rubuta wa sarkin wasiƙa da hannunsa don shi kaɗai ya karanta, ya tuna masa da Dawuda da Natan, ya ce ba zai miƙa hadaya a gabansa ba sai ya tuba. Bai tozarta shi ba, bai kuma sassauta ba. Sarkin ya yi tuban a bainar jama'a. In ka sami mai irin wannan hali, ka faɗa masa kome. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Mayar da haƙƙi

Nan ne tuban mutane da yawa yake tsayawa, nan ne kuma nake so ka ɓata mafi yawan kwanakinka. Yesu ya ce a Matiyu 5:23-24, idan ka kawo baikonka gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon a nan, ka je ku shirya tukuna. Ka lura, bai ce in kai kake jin haushinsa ba. Shi ne yake da magana a kanka, kai ne kuma za ka tashi.

Dokar Musa ba ta bar wannan a dunƙule ba. A Littafin Firistoci 6, wanda ya ci amanar ajiya, ko ya yi ƙwace, ko ya tsinci abu ya yi ƙarya a kansa, sai ya mayar da abin cif ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai, sannan ya kawo hadayarsa. Littafin Ƙidaya 5 ya amsa tambayar da ake yawan yi mini, wato idan mai haƙƙin ya rasu fa? A ba danginsa. In babu dangi, a ba Ubangiji. Zakka mai karɓar haraji ya wuce abin da dokar ta nema a irin laifinsa: rabin dukiyarsa ga matalauta, wanda ya zalunta kuma ninki huɗu. Ba na cewa lissafin nan doka ce a kanka yau. Ina cewa mutanen Littafi Mai Tsarki ba su san tuban da ba ya taɓa aljihu ba. Ka zauna ka lissafa nawa ne. In ba za ka iya biya gaba ɗaya ba, ka je ka faɗi gaskiya, ka biya abin da ke hannunka, ku yanka ranakun sauran, ka rubuta.

Idan suna ka ɓata, gyaran ya kai inda ɓarnar ta kai. Ƙaryar da ka yi a gaban mutum biyar ba a janye ta a kunnen mutum ɗaya. Wadda ka rubuta a dandalin sada zumunta, a can za ka koma ka rubuta cewa ƙarya ka yi.

Yanzu ga yadda ake zuwa. Ka je da ƙafarka in da hali, saƙon waya na wanda ke nesa ne. Ka nemi lokacin da ba shi da baƙi, ba a tsakiyar aikinsa ba. Bayan gaisuwa kada ka yi ta kewaye-kewaye. Ka ce: “Yaya, na zo neman gafara ne. Kuɗin da kika ba ni ajiya na taɓa su, da kika tambaya na ce miki ba su shigo ba. Ƙarya na yi. Na san na sa kin ji kunya a gaban wanda yake binki. Ga abin da na kawo, sauran kuma ƙarshen wata. Ki yafe mini.” Daga nan ka rufe bakinka. Za a yi shiru mai nauyi, hannunka zai rasa wurin zama, harshenka zai yi ta ƙaiƙayin kawo dalili. Ka daure. Wataƙila ta fashe da faɗa, ta tono har da abin da ka manta. Ka saurara har ta gama, domin wannan ma cikin biyan bashin yake. Kada ka ce “in na ɓata miki rai”, ai ka san ka ɓata. Kada kuma ka tsaya jiran ta ce ita ma ta yi laifi, ko da ta yi.

Tana iya ƙin yafewa. Ba ka da ikon tilasta ta, balle ka jawo mata aya. Bulus ya ce a Romawa 12:18 mu zauna lafiya da kowa in mai yiwuwa ne, gwargwadon abin da ke wajenmu. Ka yi naka, ka bar ƙofa a buɗe.

Akwai inda zuwan kansa zai zama sabon zalunci. Idan mutum ya ce kada ka sake tunkararsa, ka girmama hakan, ka aika da haƙƙinsa ta hannun amintacce. Idan abin a zuciyarka kaɗai ya tsaya, kamar hassada ko sha'awa, kada ka je ka ɗora wa wanda bai san kome ba kaya don kai ka ji sauƙi. Wannan tsakaninka ne da Allah da mai ba ka shawara. Laifin da ya shafi aure ko hukuma kuwa, ka nemi shawarar mai hankali a kan yadda za a faɗa da lokacin faɗa, ba don a binne shi ba. Ke kuma da aka cuta, yafewa ba ta nufin komawa hannun mai dukanki.

Azumin fa?

Da gangan na jinkirta shi. A dokar Katolika, masu shekara 18 zuwa 59 suna azumi ran Larabar Toka da Jumma'a Mai Kyau (ranar tunawa da gicciye Yesu), wato cikakken abinci sau ɗaya da ɗan abin taɓawa sau biyu. Daga shekara 14 kuma ana ƙaurace wa nama a waɗannan ranaku da sauran Jumma'o'in lokacin. Sauran ikilisiyoyi galibi sun bar wa mutum ya tsara nasa. Mara lafiya, mai ciki, mai shayarwa da mai shan magani a kan lokaci kada su wahalar da jikinsu. Abin da zan ƙara biyu ne. Ka zaɓi abin da za ka bari ya dace da laifin da ke takardarka: mai gulma ya fi bukatar azumin baki da na waya fiye da na ciki. Kuma abin da ka rage ya tafi ga wani. Ishaya 58 ya tsawata wa masu azumi suna zaluntar ma'aikatansu suna faɗa da juna, ya ce azumin da Allah ya zaɓa shi ne a kwance sarƙar zalunci a raba abinci da mayunwata. Ka wanke fuskarka yadda Matiyu 6 ya ce, kada kowa ya sani.

Kada ka yi tuban Yahuza

Bayan duk wannan magana ta biya da mayarwa, akwai rami a gaba. Ka karanta Matiyu 27. Yahuza Iskariyoti ya yi nadama, ya furta da bakinsa cewa ya ci amanar marar laifi, ya mayar da azurfa talatin ɗin. A ido ya cika sharuɗɗan da na lissafa. Amma wurin manyan firistoci ya kai nadamarsa, suka ce ina ruwansu, shi kuwa bai koma wurin Ubangijinsa ba. Bitrus, da ya yi musun sanin Yesu, ba shi da abin da zai mayar, kuka kawai ya yi, amma da ya ji Yesu ne a bakin teku sai ya faɗa ruwa ya nufe shi. Bulus ya raba su biyu a 2 Korintiyawa 7:10: akwai baƙin ciki irin na Allah mai kai ga tuba, akwai na duniya mai kai ga mutuwa. Yadda za ka gane wanda kake ciki shi ne ka duba ina yake tura ka. In yana tura ka ga addu'a da mutane, ka bi shi. In yana sa ka ɓuya, ka daina zuwa sujada, kana maimaita furta laifin da ka riga ka furta, to ba Ruhu Mai Tsarki ba ne. Mayar da haƙƙi ba ya sayen gafara. Almasihu ya riga ya biya wannan a kan gicciye, kuma 1 Yohanna 1:9 alkawari ne ba wataƙila ba. Idan baƙin cikin ya kai ga hana ka barci da abinci, ko ka fara tunanin halaka kanka, ka gaya wa wani yau, ka ga likita. Haka ma wanda shaye-shaye ya kama: addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne.

Abu na gaba shi ne cike gurbi. Yesu ya ba da misalin gidan da aka share aka gyara aka bar shi fanko, sai mugun ruhun ya dawo da wasu bakwai da suka fi shi. Bulus bai ce ɓarawo ya daina sata kawai ba, ya ce ya yi aiki da hannunsa har ya sami abin ba mabukaci. Don haka a gefen kowane laifin da ka zaɓa, ka rubuta aikin da zai maye shi, da ranarsa da lokacinsa. Mai tsawa a gida ya ɗauki yi wa iyalinsa addu'a da sunayensu kowace safiya. Mai danne albashi ya sa ranar biya ya cika ta. Da dare kuma, minti goma kafin barci, ka bi ranar daga farko: ina na ga alherin Allah, ina na kauce, me zan gyara gobe.

Za ka faɗi a tsakiya, galibi wajen mako na uku lokacin da zafin farko ya huce. Kada ka ce azumin bana ya lalace sai baɗi. Ka furta a ranar, ka kira mutumin da ka zaɓa, ka ci gaba daga inda kake. Batu na farko cikin 95 da Martin Luther ya rubuta a 1517 shi ne cewa rayuwar mai bi gaba ɗaya tuba ce, kuma a wannan kam ban san Kiristan kirki da zai yi gardama ba.

Idan Mako Mai Tsarki ya zo, ka ɗauko takardar ka bi ta layi-layi. Abin da ka furta ka kuma gyara, ka soke shi. Abin da ya rage na bashi ko na ziyara, ka kwafe shi a sabuwar takarda da ranar da za ka cika, ka yage tsohuwar don kada ta faɗa hannun wani. Ka ci Jibin Ubangiji ran Ista ba tare da ɗar-ɗar ba. Kafin ku rabu da mai ba ka shawara, ku sa ranar da za ku sake zama kafin Fentikos, idin da ke zuwa mako bakwai bayan Ista, ka kuma ba shi izini ya tambaye ka ko ka biya sauran kuɗin.